Amsa ga ɗana kan 'ya'yan bagaruwa

Ɗana, na karanta saƙonka, ya ba ni dariya, ya kuma ɗan tayar mini da hankali. Ka ce a jami'arku da ke Samaru, Zariya, kun jiƙa garin 'ya'yan bagaruwa da na habbatus sauda, kun ɗiga ruwan a faranti mai ƙwayoyin cuta, washegari kuka tarar ƙwayoyin sun kasa yaɗuwa kusa da wurin. Kana tambaya ko mutanen zamanin da sun san haka, kuma da wane ma'auni suke ba da magani.

An yi mini shayi tun kafin a buɗe Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, mu da yaran unguwarmu a cikin birni, da hunturu kamar yadda aka saba. An kwantar da mu a zaure kusa da wuta, kowa da guntun kara tsakanin gwiwoyinsa don kada cinya ta goge mikin. Kakarmu ce take daka busasshiyar bagaruwa a turmi, ta tankaɗe, ta tafasa wani kaso, kullum da hantsi wanzami ya zo ya wanke mu da ruwan mai ɗumi sannan ya barbaɗa garin. Har yau ina tuna zafinsa, da baurin da ya kama mini harshe ranar da na lasa. Mun warke lafiya, aka yanka mana kaji.

Kakarmu ba ta taɓa jin sunan ƙwayar cuta ba, amma takan ce abin da ya hana fata ruɓewa a hannun majema ba zai bar miki ya ruɓe ba. Baurin nan shi ne sinadarin da kuke kira tanin, wanda yake tsuke nama ya shanye ruwan ciwo. Habbatus sauda kuwa darajarta daga hadisi muka san ta, kuma kaɗan ake sha, da zuma.

Abin da ke damuna shi ne masu yawo da lasifika a kasuwar Sabon Gari, suna sayar da ƙulli guda wai maganin taifot da sanyi da basir, mutane suna sha babu awo, wasu har suna ajiye maganin asibiti. Wanzaminmu kuwa idan miki ya kumbura ya fara wari, ba ya ɓoye wa iyayen yaro cewa abin ya fi ƙarfinsa. Ka tuna kuma farantinku ba shi da hanta da ƙoda, don haka kada ka yi gaggawar ce wa kowa ya sha abin da kuka gwada.

Batun ma'auni, da tafin hannu da yatsu uku kakarmu take auna nata, kuma gwoggonka ta Tudun Wada ce ta zauna kusa da ita ta koya. Ka je ka gaishe ta ranar Juma'a, ka tafi da littafin rubutunka.