Kuɗin Buhu Ba a Kira Taro Ba

Tambaya: Malam, shugabannin ƙungiyarmu ta manoman masara su uku suka zauna a zaure suka yanka kuɗi kan kowane buhu, wai wanda ya ƙi a ƙwace kayansa. Doka ta yarda?
Manomi, Samaru, Zariya

Amsa: Ɗan'uwa, abin nan ya ɓata mini rai. Tun 1986 gwamnati ta rushe hukumomin cinikin amfanin gona, har da ta auduga da ke Funtuwa, kuma ba wanda ya gaji ikonsu na yanka kuɗi kan amfanin gona. In ƙungiyarku ta gama-kai ce mai rajista, kundin dokokinta ya faɗi yadda ake kiran babban taro da yawan mambobin da dole su halarta. Nemi littafin da aka rubuta zaman. In babu, kai kuka wurin daraktan ƙungiyoyin gama-kai a Kaduna. Ƙwace kuwa, ko tiya ɗaya, sai da hukuncin hukuma.