Amsa ga Yaya kan zamanmu a Katmandu

Yaya, saƙonka ya iso ni tun lokacin da hotunan majalisar dokokin Nepal tana ci da wuta suka bazu a watan Satumbar 2025. Na kuma gane cewa a ƙarƙashin tambayarka ta "me kuke jira a can" akwai wasu biyu da kawaici ya hana ka furtawa, wato batun auren da na yi da kuma ko 'ya'yana har yanzu Hausawa ne.

Tarzomar ba ƙarya ba ce. Gwamnati ta toshe kafafen sada zumunta 26, matasa suka fito a kan haka da kuma cin hanci, aka kashe mutum 19 a ranar 8 ga wata, kashegari Firaminista Oli ya sauka, daga baya aka damƙa riƙon ƙwarya ga Sushila Karki, tsohuwar babbar jojin ƙasa. Sai dai ni na sauka a nan ne a 2003, ana tsakiyar yaƙin 'yan tawaye masu aƙidar Mao, wanda ya ɗauki shekara goma daga 1996 ya ci rayuka fiye da 13,000. Ina nan Sarki Gyanendra ya ƙwace mulki a Fabrairun 2005 ya katse wayoyi, har Inna ta yi ta rabon sadaka saboda ba ku ji ɗuriyata ba, ina nan kuma aka rushe sarautar ɗungurungum a 2008 bayan shekara kusan 240.

Game da matata, ina roƙonka ka daina kiranta "'yar Indiya", ka kuma gaya wa Gwaggo ba sai da na musuluntar da ita ba. Iyayenta da kakanninta Musulmi ne daga Nepalganj, wani gari a Nepal kusa da iyakar Indiya, kuma Musulmi a ƙasar nan sun kai kusan biyar cikin ɗari. A farkon Satumbar 2004, bayan an kashe 'yan Nepal 12 masu ƙwadago a Iraƙi, gungun mutane suka afka wa babban masallacin Juma'a na Katmandu. Dattijon da ya ɓoye ni a ɗakin ajiyar shagonsa ranar, ni baƙo baƙin fata da ba na jin yaren kowa, shi ne daga baya ya ba ni 'yarsa ba tare da ya tambayi asalina sau biyu ba. Ban tabbata gidanmu zai yi wa baƙo irin wannan karamci ba.

Girgizar ƙasa ta 25 ga Afrilun 2015 ta zo ranar Asabar kafin azahar, ranar hutu, yara duk suna gida. Na ga ruwan tankin saman soro yana tsiyaya ta gefe biyu, ƙasa tana kaɗawa kamar tabarmar da ake kakkaɓewa. Mutum kusan 9,000 suka rasu, hasumiyar Dharahara ta zube da mutane a ciki. Mun yi makonni muna kwana a fili ƙarƙashin tamfal ɗaya da maƙwabtanmu mabiya addinin Hindu, kuma matar gidan, ba tare da kowa ya ce mata komai ba, takan janye yaranta gefe idan na shimfiɗa sallaya. Da aka toshe iyakar Nepal da Indiya a garin Birganj a ƙarshen shekarar, gas ya yanke har watanni, ni na kafa wa unguwa murhu na duwatsu uku kamar yadda Inna take yi. Mutanen da ka kwana da su a irin wannan hali ba a tattara kaya a bar su don an ƙone majalisa.

Mu Hausawan nan ba mu cika ko sahu ɗaya ba, saboda haka babu sarkin Hausawa balle zango. Layya da akuya muke yi ko bauna, domin doka ta hana yanka saniya. Tuwonmu shi ne ɗindo, wanda suke tuƙawa da garin gero ko masara, kuma da miyar kuka ba za ka bambance ba. Yaran suna durƙusawa su gaishe ni da Hausa, ba sa kiran sunan yayansu, amma idan faɗa ya kaure tsakaninsu da yaren uwarsu suke yi, wannan kam na amsa laifina.

Abin da ke damuna ba ka tambaya ba. Tsarin mulkin 2015 bai ba ɗan da ubansa baƙo ne zama ɗan ƙasa kai tsaye ta wajen uwa ba, sai ya nema, shi ya sa babban ɗana ya gaji da zirga-zirgar ofis. A nan ana ce masa ɗan Afirka, ku kuma da ya zo Kano bara kuka yi ta ce masa Ba'indiye kuna dariyar Hausarsa, har ya daina buɗe baki a gaban baƙi. Idan ya dawo hutun bana, a yi masa gyara a hankali. Kuka da daddawar da ka aiko sun kusa ƙarewa.