Amsa ga mai laftof ɗin da ta ƙi hawa eduroam

Salam ɗan'uwa. Na ga tambayarka cewa wayarka ta hau eduroam ɗin makarantarku, wato WiFi ɗin haɗin gwiwar jami'o'i, lafiya lau amma laftof ta ƙi, sai ta yi ta juyi kamar za ta kama daga baya ta ce ba ta iya haɗawa ba. Wallahi ni ma na sha wannan wahalar lokacin da na fara digiri na biyu, kwana uku cur ina fama.

Da farko eduroam ba irin WiFi ɗin gida ba ne da kowa zai zuba kalmar sirri ɗaya ya hau. Kowa da nasa sunan shiga, kuma makarantarka ce ke tantance ka ko da kana wata jami'a a wata ƙasa, don tun 2003 da aka fara shi a Turai haka aka tsara shi. Shi ya sa sai ka rubuta sunan da wutsiyarsa, wato sunanka ko lambarka, sannan @ sannan adireshin makarantar. Wutsiyar nan ita ke nuna wa sabar RADIUS, wato kwamfutar da ke tantance masu shiga, inda za ta kai ka. Da yawa nan suke faɗuwa, su rubuta lambar ɗalibi kawai su yi ta zagin netwok.

Ni kuwa tawa matsalar abin dariya ce. Laftof ɗin ta hannu ce na saya, ashe ɗan ƙaramin batirin nan mai kamar kwabo da ke kan allon cikinta ya mutu, kullum na kunna sai agogo ya koma shekarun baya. To ita kwamfuta kafin ta miƙa kalmar sirrinka sai ta duba satifiket ɗin sabar makaranta, wato shaidar cewa sabar ta gaskiya ce, in kwanan watanka ba daidai ba ne sai ta ga kamar satifiket ɗin bai fara aiki ba, ta ƙi. Wani abokina ne ya leƙa ƙasan sikirin ya ce malam kai wace shekara kake? Ina gyara agogo ta kama nan take, kunya kamar in nutse.

In agogonka daidai ne, ka goge tsohon eduroam ɗin da ta riƙe, musamman in ka canza kalmar sirri kwanan nan, don Windows na da naci, tsohuwar za ta yi ta turawa. In Windows ce, buɗe cmd, wato tagar rubuta umarni, ka rubuta netsh wlan delete profile name="eduroam". Sannan ka kunna hotspot na wayarka ka shiga cat.eduroam.org, ka nemo sunan makarantarku ka sauke ɗan fayil ɗin, shi zai saita komai har satifiket. In sai da hannu za ka yi, a wurin saitin WiFi tsaron WPA2-Enterprise ne, hanyar tantancewa kuma yawanci PEAP da MSCHAPv2, amma wasu makarantu TTLS suke amfani da shi, don haka ka tambayi ofishin ICT naku.

Kuma don Allah kar ka bi masu cewa cire duba satifiket a huta. Kowa zai iya kafa WiFi na bogi ya sa masa suna eduroam kusa da hostel ya kwashi kalmar sirrin mutane, alhali sau da yawa ita ce dai ta imel da fotal ɗinka.

Gwada ka dawo mana, ka faɗi ko Windows 10 ce ko 11 ko Ubuntu.