Me ya sa Bafillace ba ya son sayar da saniyarsa?

Malam, ka ce me ya sa Bafillace yana da garke guda amma ya ƙi sayarwa ya gina gida. Gaskiya saniya a wajensa ba kuɗi ba ce kawai, kowacce da sunanta, ya san uwarta da kakarta, wasu ma na matarsa ne da 'ya'yansa. A Nijar akwai habbanaye, a ba ka aron karsana ta haihu ka riƙe maruƙan ka mayar da uwar, zumunci kenan.

Kuskuren mutane shi ne zaton ba sa sayarwa sam. Suna sayar da bajimai da tsofaffi mana, matan ake riƙewa saboda nono da haihuwa. In saye za ka yi, nemi likitan dabbobi ya duba kafin ka biya.