Amsa ga mai tambaya kan zuwa wasan Sallah da ganin mawaƙi ido da ido

Ƙanena, na ga tambayarka tun jiya da daddare, aikin Sallah ne ya hana ni zama. Ka ce mawaƙin da ka fi so zai zo Bauchi wasan Sallah, ba ka taɓa zuwa irin wannan taro ba, kana so ka san ko kuɗin tikitin zai biya, sannan ta wace hanya za ka bi ka gaisa da shi. Ni tela ne a wajen Wunti, ba ni da wata sana'a a harkar waƙa, amma na kashe kuɗi da takalma a bin makaɗa fiye da yadda zan iya faɗa a gaban matata.

Abin da zan fara tambayarka shi ne, waƙa za ka je ji ko mutum za ka je gani? Idan mutum ne, je ka, za ka gan shi. Idan waƙa ce, to zauna ka ji.

Kiɗan farko da na tsaya a gabansa ina ɗan shekara 13 ne, a wani bikin mahauta a Jahun. Ka san kalangu asali kiɗan mahauta ne, to ranar sun ɗauko nasu. Na sulale daga gida bayan isha'i, na kutsa ta tsakanin ƙafafun manya har na kai gaba. Makaɗa uku, 'yan amshi huɗu, ga mai waƙar a tsaye da wata tsohuwar babbar riga. Babu fiyano, babu komai sai makirfo ɗaya da ke ta ƙugi. Abin da ya kama ni ba muryarsa ba ce, don muryar ma ta dushe. Wani mutum ne ya iso a Vespa, bai ko gama kafe ta ba, sai na ga sanƙira, wato mai yi wa makaɗa shela, ya matsa ya raɗa wa mai waƙar magana a kunne. Nan take ya saki baitin da yake kai, ya ɗauko mutumin nan, ya kira sunansa, ya kira ubansa, ya kira rumfar da kakansa ya yi fawa, ya haɗa da wata tsohuwar gaba da ke tsakaninsa da wani abokin sana'arsa ya mai da ita habaici. 'Yan amshi suka karɓe kamar sun kwana suna bita. Mai kalangu kuwa ya matse tsarkiya a hammata yana sassautawa, kalangun na maimaita sunan mutumin har kowa na ji. Mutumin nan ya tako yana rangaji, ya zazzage aljihunsa kaf. Da na koma gida kawuna ya zane ni da igiyar guga, kuma wallahi ban yi nadama ba.

Baitin nan ba a taɓa yin sa ba kafin daren, ba a kuma sake yin sa ba. Wanda bai zo ba ya rasa shi har abada. Wannan nake kira zuwa wasa.

Shata ban taɓa ganin sa da idona ba, sai a talabijin da kaset. Kullum ina cewa sai na tara kuɗin mota, har Allah Ya karɓi abinSa a 1999. Ɗanƙwairo ma ya rasu tun 1991 ina yaro. Ɗan Maraya ne Allah Ya nufa na gani sau ɗaya a wani biki a Jos, daga nesa. Mutum ɗaya, da ɗan kuntiginsa mai tsirkiya ɗaya wanda ba zai cika tafin hannu biyu ba, ba ɗan amshi ko guda, amma fili ya yi tsit. Da ya rasu a 2015 na rufe shago da wuri.

To zo mu dawo kan naku na yanzu. Ba raina su nake ba, ina da waƙoƙinsu cike da waya, da su nake taka keke. Amma ka sani, mafi yawan abin da ake kira gala ko wasan Sallah, waƙar da aka riga aka ɗauka a sitidiyo ce dije yake sakawa, mawaƙin yana bi da baki, wani lokaci ya ɗora muryarsa a kai ko ya miƙa wa jama'a makirfo su ƙarasa masa. Dalili a fili yake. Waƙar fiyano mutum ɗaya ne ke haɗa kiɗanta a kwamfuta, a gyara murya da na'ura, a jera amshi. Kafin a fitar da wannan sautin a fili sai an ɗauko makaɗa da yawa da kayan sauti masu tsada, ga kuɗin mota da masauki, mai shirya wasa kuma ba zai biya ba. Ya fi masa sauƙi mawaƙi ya zo da yaransa biyu da filashi a aljihu.

Ni da idona na gane haka, a wani ɗakin taro a nan cikin gari. A takarda an rubuta ƙarfe 4 na yamma. Muka shiga da wuri, muka yi magariba a harabar wurin, muka yi isha'i, ana ta fito mana da 'yan rawa da masu barkwanci da yara masu tasowa. Babban baƙo bai hau ba sai wajen tara da rabi. Yana tsakiyar waƙa ta uku janareta ya mutu. Kiɗa ya ɗauke, murya ta ɗauke, bakinsa kuwa ya ɗan ci gaba da motsi a hasken wayoyin mutane. Aka yi dariya, wasu suka fara ihu, yaransa suka janye shi ta ƙofar baya. Sai wani yaro cikin waɗanda suka buɗe wasan, wanda ɗazu ko tafi ba a yi masa ba, ya hau tebur ya ce a ba shi tafi. Muka ba shi. Ya rera da muryarsa tsirara, a cikin duhu, yana ɗaga baiti muna amsawa, har ya saka mai janaretan a ciki ya ce a kai masa man fetur a kofin shayi. Minti goma sha wani abu aka yi haka. Duk daren nan wannan kaɗai nake tunawa, sai kuma wayata da aka zare a wajen fita.

Akwai kuma wani wasan da muka tafi har Gombe, mu huɗu, tafiyar kusan kilomita 150, muka kwana a ɗakin wani abokinmu a Jekadafari. Mawaƙin bai zo ba sam. Daga baya muka ji ashe kafin alƙalami kawai aka ba shi, mai shirya wasan yana jiran kuɗin ƙofa ya cika masa, shi kuma ya ce ba zai taso ba sai ya ga cikon. Fastoci kuwa sun cika gari da hotonsa. Saboda haka kafin ka sayi tikiti, duba shafin mawaƙin da kansa. Idan ya yi bidiyo da bakinsa ya ambaci gari da rana da wuri, to da dama. Idan hotonsa ne kawai a jikin fasta, riƙe kuɗinka ka saya a ƙofa bayan ka tabbatar ya shigo gari.

Maganar tikitin manya da ka tambaya, ni ban ga amfaninsa ba. Kujera ce a gaba da ruwan roba, kuma da zarar ya hau, 'yan liƙi da masu ɗaukar hoto za su tsaya a gabanka su tare maka komai. Wurin da sauti ya fi daɗi shi ne tsakiyar ɗaki, kusa da teburin mai sarrafa sauti, don daga nan yake saurare yana daidaitawa. Kada ka yarda ka tsaya gindin lasifika, na taɓa yin kwana uku kunnena na kuka.

Yanzu gaisawa. Daren wasa shi ne mafi munin lokaci. Na taɓa zama a harabar wani otal tun bayan wasa har ƙarfe ɗaya na dare, ni da wasu kamar talatin, muna jiran wani da nake ji kamar ɗan gidanmu ne saboda yawan sauraronsa. Wani cikin yaransa ya karɓi na goro a hannuna ya ce zai shigar da ni, ban sake ganin ƙeyarsa ba. Da mawaƙin ya fito zai shiga mota na kutsa na miƙa hannu, ya ba ni yatsu uku yana kallon wani wajen, aka ɗauke mu hoto. Hoton ya fito rabin fuskata da kafaɗarsa. Na yi wata guda ina jin haushinsa, har na goge waƙoƙinsa.

Abin da ya sauko da ni, bayan shekara biyu wani mai kaɗa fiyano da nake yi wa ɗinki ya kai ni wajen wani mawaƙin daban, shi ma sananne, da hantsi, a gidan da ya sauka. Na tarar da mutum zaune a tabarma da singileti yana shan ruwan zafi da citta, murya ta shaƙe, idanu jajur. A sa'a ɗaya da na yi a wurin mutum tara suka shigo. Wannan kuɗin asibiti, wancan a sa shi a fim, wani ya zo da waƙarsa a waya dole sai an saurara, wata dattijuwa kuma aurar da 'ya za ta yi. Babu ko ɗaya da ya zo don gaisuwa zalla. Da aka zo kaina na ce ni ba abin da ya kawo ni, wani baiti ne nasa da ya yi kan maraici ya riƙe ni lokacin da mahaifiyarmu ta rasu, na zo in ce na gode. Ya ɗago ya dube ni sosai. Ya sa aka ƙaro shayi, ya ba ni labarin yadda baitin ya zo masa a mota, da yadda ya sauya kalma ɗaya sau uku don ta hau kan kiɗa. Tun ranar na daina ganin laifin mai yatsu uku. Wanda hannu ɗari ke miƙo masa a dare ɗaya, casa'in a buɗe suke, ina zai gane naka na gaisuwa ne?

Don haka in kana so da gaske, nemi hanya ta wajen makaɗinsa ko ɗan amshinsa ko wani ma'aikacin rediyo da zai yi hira da shi, don yawanci sukan zaga gidajen rediyo tallar wasa kafin dare. Ka je da rana, ka yi sallama, ka faɗi abin da ya kawo ka a taƙaice. Kada ka roƙi komai, kada ka ciro waya sai ka nemi izini. In ya sake da kai, to, in bai sake ba ka yi masa uzuri ka tashi. Kuma kada ka ba kowa kuɗi don ya shigar da kai.

Liƙi kuwa, ka gane shi tun yanzu. Idan ka liƙa ya kira sunanka, daɗi ne ba ƙarami ba, na sani, har tsigar jiki ke tashi. Amma ciniki ne, kuma ba abin kunya ba ne, da shi maroƙa suka rayu tun zamanin kakanni. Kada dai ka ɗauka abota ce. Na san wani ɗan acaɓa da ya liƙe cinikin mako guda a dare ɗaya, washegari ya je gaisuwa aka tambaye shi daga ina. Sannan dokar Babban Banki ta 2007 ta hana watsa naira da taka ta, hukuncin ɗaurin aƙalla wata shida ne ko tarar aƙalla naira 50,000 ko duka biyun, kuma a 'yan shekarun nan an gurfanar da mutane a kanta. In za ka ba shi, sa masa a hannu ko a kwanon da aka ajiye. Lokacin wahalar takardun kuɗi a farkon 2023 na je wani biki na ga sanƙira yana shelanta lambar asusu a makirfo, ana jiran saƙo ya shigo kafin a wasa mutum. Ranar waƙa ta sha jira, don sabis ya ƙi.

Sauran ƙanana ne. Ka bar babbar wayarka a gida ko ka sa ta a aljihun gaba. Ka tafi da aboki. In da ƙanwarka za ka je, ku zauna gefen ƙofa ku fito kafin waƙar ƙarshe, don a turmutsutsun fita ake yin ɓarna, kuma ka san halin 'yan sara-suka in dare ya yi. Ka yi magana da mai Keke Napep ɗin da zai ɗauke ku tun da rana. Ka gaya wa su Baba inda za ka, kada ka bi sawuna na igiyar guga.

Ka je wasan, ban hana ka ba, ko don ka ga ɗaki guda na rera baiti ɗaya da baki ɗaya, wannan ma wani abu ne da waya ba za ta ba ka ba. Amma bayan Sallah da mako biyu akwai bikin ɗan wani maƙwabcina mahauci, kuma na ji sun ɗauko masu kalangu daga wajen Azare. Ka biyo ta shago ranar Juma'ar bayan la'asar mu tafi tare. Ka canzo 'yan ɗari bibbiyu, kuma ka tambayi Baba sunan kakanku da sana'arsa, don sanƙira zai tambaye ka.