Amsar kawu kan maganar ƙarin aure

Ɗana,

Saƙonka ya iso ni. Ban so in amsa maka ta waya ba, domin maganar ta fi ƙarfin hirar tsaye. Ka ce aurenku ya kai shekara 7 Allah bai kawo haihuwa ba, mahaifiyarka ta taso da zancen ƙarin aure, har an fara nuna maka wata yarinya a ƙauye. Ka tambaye ni: tunda al'adar gidanmu ce, kakanka ma mata uku ya yi, kuma Ibrahim da Yakubu da Dauda ba da mace ɗaya suka zauna ba, don me Ikilisiyarmu ta Katolika za ta tare maka hanya?

Amsata ita ce kada ka yi. Ko a fili, ko a ɓoye a ajiye ta a ƙauye, kada ka yi. Amma ba zan ce maka haka in yi shiru ba, kai ba yaro ba ne.

Da farko kada ka ɗauki mahaifiyarka muguwa. Ƙanwata ce, ciki ɗaya muka fito, na san abin da ke hana ta barci. An raine mu da cewa haihuwa maganin mutuwa. A gidan Bamaguje na da, gandu hannuwa yake so, kuma ƙyanda da zazzaɓi suna iya kwashe yara biyu ko uku a gida ɗaya cikin damina guda. Mutumin da ba shi da baya, gonarsa ta 'yan'uwa ce, sunansa kuma a kabari yake tsayawa. Yanzu gonar ta koma shagonka na kasuwar Sabon Gari, amma tsoron yana nan yadda yake. Abin da al'ada take nema, wato zuriya da gida mai albarka, abu ne mai kyau, Ikilisiya ma ba ta taɓa cewa ba shi da kyau ba. Inda muka rabu da ita shi ne hanyar samunsa, da kuma wanda ake ɗora wa nauyin.

A koyaushe mace ake ɗora wa. Ita ake kira juya, ita ake kai wa boka, ita ake ɗura wa saiwoyi, ita ce za ta share ɗakin amarya da hannunta tana murmushin dole don kada a ce ba ta da haƙuri. Mu da muka tashi a gidan mata uku ba labari aka ba mu ba. Na san ranar da ba girkin uwata ba, mu kan zauna a bakin ƙofa mu ga yadda ake yanka tuwo, mu san malmalar da za ta zo mana ta bambanta da ta 'yan ɗakin mai girki. Ba don matar babanmu muguwa ce ba, a'a, ita ma 'ya'yanta take karewa. Mahaifiyarka ta san wannan. Tambaye ta a hankali wa ya hana ta zuwa bikin 'yar'uwarta ta wancan ɗakin, za ka ga idonta ya kawo ruwa.

Ka kawo Ibrahim da Yakubu. To, buɗe Littafin Farawa ka karanta labarin har ƙarshe, kada ka tsaya a kan adadin matan. Saratu ce da kanta ta ba Ibrahim Hajaratu saboda rashin haihuwa, irin shawarar da ake ba ka yau, kuma ƙarshenta uwa da ɗa suka tsinci kansu a jeji da salkar ruwa. Gidan Yakubu kuwa, gasar Lai'atu da Rahila ta gangara kan 'ya'ya har suka sayar da Yusufu. Littafi Mai Tsarki ya ba da labarin abin da suka yi, bai ɓoye hawayen da ya biyo baya ba. Akwai kuma Hannatu a farkon Littafin Sama'ila, wadda kishiyarta Feninna take tsokana kowace shekara saboda ba ta haihu ba. Mijinta Elkana ya tambaye ta ko shi bai fi mata 'ya'ya goma ba. Ni kuma ina tambayarka, ka taɓa juya wannan maganar ka faɗa wa matarka, cewa ita ta fi maka 'ya'ya goma?

Da Farisiyawa suka zo wa Yesu da zancen saki a Matiyu sura 19, bai tsaya kan abin da kakanni suka yi ba. Ya mayar da su can farko, inda aka ce mutum zai bar uwa da uba ya manne wa matarsa, su biyun su zama jiki ɗaya, kuma abin da Allah ya gama kada mutum ya raba. Su biyu aka ce, ba a bar wurin na uku ba. Da suka ce ai Musa ya yarda, sai ya ce saboda taurin zuciyarsu ne, amma tun farko ba haka ba ne. Almajiransa ma da suka ji, cewa suka yi in haka ne gara mutum ya zauna ba aure. Ka ga ke nan ba kai ne na farko da maganar ta yi wa nauyi ba.

Ina wurin ranar da aka ɗaura muku aure a babban cocin Fatima. Fada ya tambaye ka ko ka zo da yardarka ba wanda ya tilasta maka, ka ce i. Ka riƙe hannunta ka yi alkawarin aminci cikin daɗi da wuya, cikin lafiya da ciwo, muddin ranka. An tambaye ku ko za ku karɓi 'ya'ya daga wurin Allah, kuka ce za ku karɓa. Ba a ce in ba su zo ba alkawarin ya warware ba. Dokar Ikilisiya ta 1983 ta faɗi wannan ƙarara a doka ta 1084, cewa rashin haihuwa ba ya hana aure kuma ba ya rushe shi. Babban taron Vatican na biyu, wato taron bishop-bishop ɗin Katolika na duniya, ya riga ya faɗa a 1965 cewa ko babu 'ya'ya, aure yana nan da darajarsa, ba ya kuma rabuwa. Littafin Katekizim na 1992, wato littafin koyarwar Ikilisiya, ya ce auren mace fiye da ɗaya ya saɓa wa daidaiton darajar namiji da mace, domin ita ta ba ka kanta ɗungum, ba daidai ba ne kai ka ba ta rabi. In ka ƙara aure, Ikilisiya ba za ta kira shi aure ba, kuma kai da kanka ka rufe wa kanka ƙofar karɓar Jikin Almasihu, wato gurasar tarayya mai tsarki a Misa, har sai ka gyara. Yarinyar da za a kawo ma an zalunce ta, tunda ba ita ake so ba, mahaifarta ake so. In kuma kun yi rajistar aurenku a ƙarƙashin dokar aure ta tarayya, ka sani ƙarin aure a kansa laifi ne a gaban hukuma.

Maƙwabtanmu Musulmi addininsu ya halatta musu har huɗu bisa sharaɗin adalci. A cikinsu muke zaune a garin nan, muna cin arzikin juna, kuma ban yarda ka raina gidan kowa ba. Amma kowa da alkawarin da ya ɗauka a gaban Allah, kai kuma naka ka san shi. In abokan kasuwa sun zolaye ka cewa mai mace ɗaya da gwauro ba su da maraba, ka yi dariya ka ci gaba da cinikinka.

Yanzu bari in ba ka labarin kakanka yadda yake, tunda shi ka kafa hujja da shi. Gaskiya ne mata uku ya yi, amma ya yi su ne kafin ya san Almasihu. Lokacin da katekis, wato malamin koyar da addini, ya fara zuwa ƙauyenmu a kan keke, Kano ma tana ƙarƙashin Kaduna a tsarin Ikilisiya, sai a 1991 aka ware ta, a 1999 ta zama cikakkiyar dayosis, wato yanki mai bishop nasa. Baba ya daɗe yana zama a bencin baya yana jin koyarwa, mu 'ya'yansa aka yi mana baftisma muka bar shi. Ikilisiya tana da tanadi ga irinsa, wanda yau yake a doka ta 1148: mutumin da ya zo baftisma da mata da yawa zai zauna da ɗaya a matsayin matarsa, sauran kuma dole a tabbatar an kula da bukatunsu bisa adalci da ƙauna. Ba kora ba ce a ce je ki gidanku. Ɗaya daga cikin matan ta riga ta rasu. Ya zauna da uwargida, ɗayar kuma ya kewaye mata sashenta, ya bar mata gayaunarta da rumbunta, bai taɓa fasa auna mata hatsi ba har ya mutu. Wannan tanadin na wanda ya shigo daga waje ne, ba na wanda ya yi alkawari a gaban bagade ya dawo yana neman ƙari ba.

Amma ba rabon ɗakuna ne ya fi tsaya mini a rai ba. Baba mutum ne mai zafin hannu, in ya sha burkutu ranar kasuwa kowa a gidan sai ya nemi maɓoya. Bayan ya fara bin koyarwa, wata rana da yamma muna cin abinci a tsakar gida, ya kira matan nan biyu. Ya cire kambun da ke damtsensa, wanda tun muna yara ba mu taɓa ganin hannunsa babu shi ba, ya ajiye a ƙasa. Sa'an nan ya durƙusa, maigida guda, a gaban matansa da 'ya'yansa, ya ce su yafe masa dukan da ya yi musu. Uwata ta rufe fuska da mayafi. Ɗayar ta tashi ta shige ɗaki, sai da aka kwana biyu kafin ta ce ta yafe. Daga ranar ban ƙara ganin ya ɗaga wa mace hannu ba. Babu dokar da ta isa ta durƙusar da babanmu, ba sarki ba, ba alƙali ba. Abin da Allah ya yi alkawari ta bakin Ezekiyel ne na gani da idona, cewa zai cire zuciyar dutse ya sa ta nama.

Shi ya sa ba na son ka ɗauki koyarwar nan kamar kaya da aka ɗora maka aka tafi aka bar ka. Aure sakramenti ne, wato alama mai tsarki da Allah yake ba da alherinsa ta cikinta, kuma wanda ya ce ku zauna har mutuwa shi ne yake ba da ƙarfin zaman. Bishop ɗinmu na Kano, John Namaza Niyiring, ɗan ƙungiyar Waliyi Agustin ne. Agustin ɗin nan ɗan Afirka ne, an haife shi a 354 a ƙasar da yau ake kira Aljeriya. Ya san gaskiya da kansa shekaru da yawa amma ya kasa sakin rayuwar da ya saba, har sai da alherin Allah ya kama shi aka yi masa baftisma a Milan a 387. Koyarwarsa game da alherin Allah daga baya a kan wannan ta tsaya, cewa ƙoƙarin mutum shi kaɗai ba ya kai shi. Saboda haka ka je ka furta zunubi, ka gaya wa Fada har da fushin da kake yi da Allah, domin na ji shi a cikin saƙonka. Ku riƙa zuwa Misa tare, ku ja carbin rosari tare ko da gida ɗaya ne kafin barci.

Addu'a kuma ba ta hana neman magani. Ka ce an kai ta wurare da yawa. Kai fa, an gwada ka? Likitoci sun tabbatar sau da yawa matsalar daga namiji take, wani lokaci daga su biyun. Ku je asibitin koyarwa na Malam Aminu Kano ko wurin wani ƙwararren likita, ku shiga tare, kai ma ka ba da abin da aka nema a gwada, ba abin kunya ba ne. Ikilisiya ta yarda da magani da tiyata da duk abin da zai taimaki jikinku ya yi aikinsa. Abin da ba ta yarda da shi ba shi ne haɗa ɗa a kwalba, ko shigo da ƙwan wani ko mahaifar wata cikin aurenku. In likita ya kawo wannan shawarar, ku zauna da Fada kafin ku yanke komai. Boka kuwa, kada ka bari a sake kai ta.

Ba zan yi maka alkawarin za ku haihu ba. Zakariya da Alisabatu sun samu da tsufa, wasu bayin Allah kuma sun mutu ba su samu ba, ba don sun fi kowa zunubi ba. Amma al'adar tamu da kake tambaya a kai tana da wata ƙofa da mahaifiyarka ta manta, wato riƙo. Mu Hausawa mun ce ɗa na kowa ne. Goggonmu ba ta taɓa haihuwa ba, amma yara nawa suka tashi a ɗakinta, kuma su suka yi jinyarta suka binne ta. Ikilisiya tana ƙarfafa ma'aurata irinku su ɗauki marayu su raina. A danginmu kaɗai akwai yaran da ubansu ya rasu, kuɗin makaranta ya gagari uwarsu. Ku yi shawara kai da matarka, ita za ka fara tambaya, ba mahaifiyarka ba.

Game da mahaifiyarka, girmama iyaye umarni ne, kuma ba ya faɗuwa don ka yi aure. Amma girmamawa ba ta kai ga karya alkawarin da ka yi wa Allah ba. Kada ka ɗaga mata murya, kada kuma ka bar matarka ta zama ita ce mai amsa mata. Kai za ka ce, Inna, na ji, amma ba zan ƙara aure ba, kuma ina roƙo kada a ƙara kiran matata da wancan sunan a gabana ko a bayana. Sai ka ci gaba da kai mata cefane kamar yadda ka saba, ko ta ɗaure fuska.

Mutanen yarinyar can kuma a sanar da su da wuri cikin mutunci, kafin magana ta yi nisa a ɓata mata suna. Wannan ni zan yi, tunda ni ne babba. Ranar Lahadi bayan Misa ta biyu ka jira ni a bakin ƙofar coci, mu hau adaidaita mu je wurin mahaifiyarka tare, ni zan fara magana. Ka gaida 'yata, ka kuma ba ta wasiƙar nan ta karanta.

Kawunka