Me ke aiki a cikin tankin kashin shanu?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ɗalibin aikin gona ne a Zariya. Mun haɗa tankin samar da gas daga kashin shanu, amma da murfin ya tsage sai gas ya ɗauke, bai kuma dawo ba sai da aka yi kwanaki da liƙe shi. Mene ne ke samar da gas ɗin, kuma me ya sa iska ke hana shi aiki?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Gas ɗin da kuke kunnawa iskar miten ce, kuma masu samar da ita wasu ƙananan halittu ne da ake kira arkiya, waɗanda masanin kimiyya Carl Woese ya nuna a 1977 cewa jinsinsu daban ne da na bakteriya. Su ne ke zaune a tumbin saniya da ƙasan fadama, inda da yawansu ke haɗa haidirojin da kabon dayoksaid su fitar da miten da ruwa.

Abin da ya kamata ka fara riƙewa shi ne, ribar wannan aiki ƙanƙanuwa ce ƙwarai. Jikin mutum yana samun kusan ATP 30, wato ƙwayar da ke ɗauke da ƙarfi a jiki, daga ƙwayar sukari guda, amma irin waɗannan halittu ba su samun fiye da kimanin rabin ATP daga kowace ƙwayar miten. Saboda haka ba su hayayyafa da sauri, kuma wannan yana cikin dalilan da suka sa tankinku ya daɗe bai farfaɗo ba.

Matakin ƙarshe na samar da miten yana hannun wani inzayim, wato furotin mai hanzarta sauyin sinadarai, da ake taƙaita sunansa da MCR, wanda masana a Jamus, cikinsu har da Rudolf Thauer na Marbug, suka bayyana siffarsa a 1997. Sassan furotin shida ne suka dunƙule wuri guda, kuma akwai wuraren aiki biyu a cikinsa, kowanne a ƙarshen wata siririyar kafa. A can ƙasan kafar akwai wata ƙwaya mai ruwan ɗorawa da ake kira F430, da nikel, wani nau'in ƙarfe, a tsakiyarta. Sinadari na farko da za a sarrafa ya shiga, na biyu ya biyo baya ya toshe kafar, sannan a saki miten. Wannan nikel ba ya aiki sai yana cikin wani yanayi da oksijin ke lalatawa nan take, kuma abin da tsagewar murfinku ta jawo ke nan.

A ganina, abin da ya fi ban sha'awa yana matakin farko. Kama kabon dayoksaid yana buƙatar ƙarfin da haidirojin shi kaɗai ba zai bayar ba. Wanda ya taɓa ganin jigo a lambu zai gane dabarar: curin laka yana sauka a gefe guda, nauyinsa yana ɗaga guga cike da ruwa a ɗaya gefen. Haka inzayim ɗin da ake kira Hdr yake raba ilektiron, wato ƙwayoyin lantarki, gida biyu, wasu su gangara inda ke da sauƙi, ƙarfin gangarawarsu ya cilla sauran sama zuwa wurin kama kabon. An ga siffarsa a 2017, sannan a 2021 aka nuna cewa a cikin wata arkiya mai suna Methanospirillum hungatei yana manne da inzayim mai kama kabon ɗin, sun zama dunƙule guda mai nauyin ƙwayar haidirojin sau miliyan 3, da jerin ƙwayoyin ƙarfe da farar wuta a tsakaninsu tamkar wayar lantarki, domin kada ilektiron ya salwanta a hanya. Su ma waɗannan ƙwayoyi oksijin na ɓata su.

Don haka ku riƙa duba murfi da mahaɗar bututu da ruwan sabulu, inda kumfa ta tashi nan ne ke yoyo. Idan iska ta sake shiga, ku liƙe, ku zuba ɗanyen kashin shanu domin sabunta halittun, ku kuma rage yawan abin da kuke ɗurawa har sai wutar ta dawo shuɗiya.